Allurar Gwajin Zuciya: A Ajiye Goro Tukuna

Manomi daga Babban Duhu da ƙirji ke yi wa nauyi in ya ɗan yi huɗa, yakan fara zuwa asibiti a Batsari ko Safana. Daga nan a tura shi wurin likitan zuciya a Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika ta Zariya. Wani lokaci likita yakan so ya ga hoton zuciya sa'ad da take aiki tuƙuru, domin toshewar jijiya kan ɓuya idan mutum yana hutawa. Mai ƙarfi sai ya yi tafiya a kan na'ura. Tsoho mai ciwon gwiwa kuwa, allura ce za ta sa zuciyarsa aikin.

To, a nan tsoro yake. Maganin da ake kira adenosin yana buɗe jijiyoyin zuciya, ana ɗura shi ta jijiyar hannu minti 4 zuwa 6. Waɗanda aka yi wa sukan ji fuska ta ɗau zafi, numfashi ya yi wuya, ƙirji kamar an ɗora masa buhun gero, wani har da ciwon kai. Wanda ba a faɗa masa ba sai ya zaci ajali ne ya zo. Amma maganin ba ya daɗewa a jini, rabinsa kan ɓace kafin daƙiƙa 10, shi ya sa wahalar ke lafawa jim kaɗan bayan an tsayar da shi. In ta ƙi, akwai allurar aminofilin mai karya shi. Dobutamin kuwa bugun zuciya yake ƙarawa, kamar an yi gudu.

Abin da ya fi damunmu shi ne goro. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, da cikin shayi, kofi da Coca-Cola, yana tare aikin adenosin, hoto ya fito lafiya lau alhali akwai ciwo. Ga kuɗin mota an kashe a banza! Don haka likitoci kan hana su sa'a 12 zuwa 24 kafin gwajin. Mun san dattijo ba ya lissafa goro cikin abinci, sai 'ya'yansa su tuna masa.

Mai ciwon asma ya faɗa tun kafin a sa allura, gama adenosin na iya shaƙe shi. A kuma tafi da dukan magungunan da ake sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita.