Allurar da Ke Kayar da Saniya

Duk makiyayi ya san oxytetracycline, allurar nan mai launin zuma da ake samu a kasuwannin shanu. Idan aka ɗura ta cikin jijiya da gaggawa, takan kama sinadarin kalsiyam na cikin jini, alhali da shi zuciya ke samun ƙarfin bugawa. Nan take jini ya sauka, saniya ta yi tangaɗi ta zube, mai ita ya ce iska ce ta buge ta. Wannan asara tana min ciwo, domin tura maganin a hankali kan hana ta.

Wata allurar da ita ma ke saukar da jini ita ce xylazine, wadda ake kwantar da dabba da ita kafin a ɗinke mata rauni; aikinta hawa biyu ne. Da farko tana tsuke jijiyoyin jini, jini ya hau, zuciya ta rage gudu. Bayan ɗan lokaci jinin ya sauka ƙasa da yadda yake. Shanu ba sa jure ta kamar dawaki: a kan kowane kilo, kusan kashi 1 cikin 10 na abin da ake ba doki ya ishi sa. Saniya mai tsohon ciki kuwa tana iya ɓari.