Ƙurajen Al'aura: Cutar Da Kafso Ba Ya Kashewa

A Jimeta da Yola, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, kusan duk ciwon da ya fito a al'aura jama'a kan kira shi ciwon sanyi. Kunya kan hana mai shi zuwa asibiti, sai ya sulale kemis ya sayi kafso. Bayan mako biyu ƙurajen su bushe, ya yi zaton ya warke. Ba a jima ba kuma sai su dawo.

Likitoci suna kiran irin waɗannan ƙuraje hafis. Dalilin dawowarsu shi ne ƙwayar da ke haddasa su bairos ce, watau ba irin ƙwayar ciwon sanyi ko ta tunjere ba, waɗanda bakteriya ne da kafso ke kashewa. Ƙwayar iri biyu ce. Ta farko, HSV-1, ita ce ke fitar da ƙurajen baki a lokacin zazzaɓi, amma takan sauka ƙasa idan baki ya taɓa al'aura. Ta biyu, HSV-2, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma ta fi yawan dawowa.

Idan ƙwayar ta shiga ta fata, sai ta bi jijiya ta laɓe kusa da ƙasan ƙashin baya, ta zauna har iyakar rai. Rashin lafiya ko gajiya ko jinin al'ada kan tashe ta. Yawancin masu ita ba su ma san suna ɗauke da ita ba, kuma mutum na iya shafa wa iyalinsa ko da babu ƙurji ko ɗaya a jikinsa. Saboda haka fitowar ƙurajen ba hujja ba ce ta cin amanar aure, domin mai yiwuwa ƙwayar ta yi shekaru tana kwance.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HSV-2, kuma ta fi yawa a Afirka. Tana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku. Jaririn da ya ɗauke ta wajen haihuwa kuwa yana iya rasa ransa, shi ya sa akan yi wa mai naƙuda tiyata idan ƙurajen suna ɗanye.

Maganin da ke rage zafi da yawan dawowarta shi ne asaikulobiya, wanda ya shiga asibitoci a farkon shekarun 1980, amma ba ya raba mutum da ƙwayar. Wanda ya ga alama, ya nufi Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola tun ƙurajen ba su bushe ba, ya kuma ƙaurace wa shimfiɗa har su warke. Mai ciki kuwa ta sanar da ungozoma tun ranar awon farko.