Me Ya Sa Waƙar Da Ka Raina Jiya Take Ratsa Ka Yau?

Yau da tonon asirin kaina zan buɗe shirin.

Lokacin ina sakandare, ba abin da ke ɓata min rai kamar Baba ya dawo daga kasuwa ya kunna kaset ɗin Shata ko Ɗanƙwairo. Ni a kunnena kiɗa ɗaya ake ta nanatawa, ga amshi ba ya ƙarewa. Mu a lokacin waƙoƙin fim na fiyano ne ke tashe, irin na zamanin Sangaya. Daga baya su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka zo, muka cika memori da su.

To kwanan baya ina cikin mota a hanyar Zariya, direba ya saka Jawabin Aure ta Ɗan Maraya Jos. Ranar kuwa da 'yar rigima na baro gida. Wallahi sai na ji kamar da ni mutumin nan yake. Na ce, "Direba, don Allah maimaita mana." Wani yaro a baya ya ja tsaki ya toshe kunnensa da iyafis. Na waiga na dube shi, sai na ga kaina shekara ashirin da suka wuce.

To me ya canja? Waƙar dai tana nan yadda take. Ni ne na canja.

Abu na farko, ƙwaƙwalwa. Idan waƙa ta yi maka daɗi, ƙwaƙwalwarka na sakin wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke sa mutum ya ji yana son ƙari. A shekarun samartaka komai da zafinsa yake shiga: soyayyar fari, abokai, ɓacin rai. Waƙar da ta raka ka a lokacin sai ta manne da su. Shi ya sa yau in ka ji ta, har ƙamshin turaren budurwarka ta farko sai ya dawo maka. Irin waɗannan ba sa barin mutum har tsufa.

Na biyu, a ƙuruciya ba don kanka kaɗai kake jin waƙa ba. Alama ce ta su wane ne naka. Ku tuna 2020, lokacin da Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina. Wanda bai san ta ba a majalisa, ai kallon ɗan ƙauye ake masa. Amma in ka girma, ba ruwanka da wanda zai gan ka.

Na uku, kuma shi ne babba: buƙatarka ce ke sauyawa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Cambridge da ke Ingila sun duba bayanan mutum sama da 250,000. Suka ga son kiɗa mai zafi da hayaniya ya fi ƙarfi a samartaka, yana raguwa in shekaru suka ja, mutum ya karkata ga mai sanyi da mai zurfi. A namu yanayin, yaro kiɗa yake bi, babba magana yake nema. Zambo da habaicin Shata, ko azancin Narambaɗa, sai wanda ya zauna da mutane, aka ci amanarsa, ya ci bashi ya biya, shi zai gane inda aka dosa. Da ina jin kuntigin Ɗan Maraya ne kawai. Yanzu ina jin abin da yake faɗa.

Amma kafin mu fara cewa waƙar yanzu ba ta da ma'ana, mu yi adalci. Zamanin su Shata ma an yi mawaƙa birjik da aka manta da su. Abin da ya iso gare mu tankaɗaɗɗe ne, dusar ta zube a hanya. Na yanzu kuwa da gari da dusa duk muke ji tare. Lokaci zai tankaɗe su.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Baba ma Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Kaset ɗinsa suna wurina a cikin kwali, amma ban taɓa tambayarsa wace waƙa ya fi so ba, ko me take tuna masa. Tsaki kawai na iya.

Saboda haka ga aikin gida. In iyayenka na raye, yau ka zauna da Baba ko Umma, ka tambaye su waƙar da suke ji suna 'yan shekara 17. Nemo ta a wayarka, ka kunna musu, ka yi shiru ka kalli fuskarsu. Za ka ji labarin da ba a taɓa ba ka ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.