Yaron Da Karatu Ke Yi Wa Gardama

Ya 'yan'uwa, akan sami yaro mai hankali da kaifin hadda, amma da zarar an ɗora masa allo ko littafi sai harshensa ya sarƙe. Yana rikita ba da ta da nun, waɗanda ɗigo ne ya raba su a farkon kalma, a boko kuwa b da d. Sai a ce daƙiƙi ne, a ɗauko bulala. Wannan kuwa zalunci ne.

Tun cikin 1887 wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa wa wannan lalura suna disleksiya. Ba ƙarancin basira ba ne. Wahalar tana wajen haɗa sautin magana da siffar harafi.

To, ina mafita? Da farko a kai shi a duba idonsa da kunnensa. Sa'an nan a koma ga tsarin malamanmu na dauri: babbaƙu, sannan farfaru, sannan haɗa baƙi, amma a hankali. Harafi ɗaya, ya zana shi da yatsa a kan rairayi yana furta sautinsa, kada a ƙara masa wani sai wannan ya zauna. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai.

Kai ɗan kasuwa, kai ma'aikaci, kada ka sakar wa malami wannan nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mai karatun Alƙur'ani da ƙyar, yana tuntuɓe, lada biyu gare shi. Wanda aka ninka wa lada, don me za mu doke shi?

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.