Malamin da Aka Danƙa wa Makullin Laburare

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai ya da zango a Gozaki ta ƙaramar hukumar Kafur, da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Malumfashi da Funtua. Wanda za mu yi magana a kansa kun san shi, wataƙila ma maƙwabcinku ne: malamin makarantar nan da wata rana firinsifal ya kira shi ofis, ya miƙa masa makulli, ya ce daga yau laburare yana hannunsa.

Yawanci malamin Turanci ne ko na Hausa, don ana ganin su ne abokan littafi. Wani lokaci kuma wanda darussansa ba su da yawa ake dubawa, ko wata malama da aka shaida da haƙuri da riƙon amana. Babu takardar naɗi, babu alawus, babu kwas ko na yini ɗaya. Makulli ne kawai, sai addu'ar Allah ya taya riƙo.

To, mu bi shi mu shiga ɗakin. Da ya turo ƙofa, warin ƙura da na jemage ne ke fara yi masa maraba. A kusurwa ga katan-katan na littattafan da aka kawo daga hukuma, wasu ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a kwance ba. In ya ɗaga na ƙasa, sai gindin kwalin ya zauna a inda yake, don gara ta riga ta gina hanyarta daga daɓe, ta shiga ta cinye tsakiyar littattafan ta bar bango. Ta wajen taga kuwa, inda feshin ruwan Agusta ke shigowa, shafuka sun manne da juna sun kumbura. Gefe guda ga karyayyun kujeru, da buhunan alli, da tsohon keken buga takarda. Shi ya sa in ka tambayi ɗalibi ina laburare, sai ya ce maka, "Sito kake nufi?"

Kada mu yi saurin ɗora wa malamin laifi. Yana da aji huɗu ko biyar da zai shiga, ga makin jarrabawa, ga gonarsa. Sannan akwai wani tsoro da ba a cika faɗa a fili ba, tsoron masu binciken kaya. Littafin da ke kulle a kwali ba ya ɓata a lissafi, ko da gara ta gama da shi. Wanda aka ba yaro aro kuwa, in bai dawo ba, malam za a tuhuma. Duk mai hankalin da aka bari da wannan zaɓi ba tare da wata ƙa'ida a rubuce ba, kulle ƙofa zai yi ya sa makulli a aljihu.

(Kiɗa)

Bari mu duba abin da doka ta tanada. A Najeriya aikin koyarwa da aikin laburare gida biyu ne, kowanne da mai gadinsa. Malami yana rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, kuma mafi ƙarancin takardar da ake karɓa a hannunsa ita ce NCE. Ma'aikacin laburare kuma yana da tasa hukumar, LRCN, da aka kafa da doka ta 12 ta shekarar 1995. Ita wannan ba ta kiran mutum ƙwararre sai yana da digiri a fannin laburare, na farko ko na gaba da shi. Mai difloma jami'in laburare ne, mataimaki ga ƙwararren, kuma layin ƙarin girmansa daban ne.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta ɗora wa masu makarantu nauyin samar da laburare mai aiki tare da horar da waɗanda za su kula da shi. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, malaminmu na Gozaki ya faɗa tsakanin gidajen nan biyu. A wurin TRCN shi malami ne, laburare ba ya cikin lissafinsa. A wurin LRCN kuma ba a ma san da zamansa ba. In yana son a san da shi, sai ya koma jami'a. Mai NCE ya nemi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Mai digiri a wani fanni kuma ya nemi karatun gaba da digiri. Shekaru ne, da kuɗin makaranta, da neman izinin tafiya karatu wanda ba kowa ke samu ba. Abin da ya fi ciwo, in ya jure ya gama, da wuya ya dawo makarantar ƙauye. Laburaren jami'a ko na kwaleji ne zai ɗauke shi, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Wannan tambaya ta wa zai riƙe littattafai ta girme mu duka. Tun zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a manyan garuruwan Arewa, inda ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939, da littattafan da ake bugawa a Zariya. Daga laburaren Jihar Arewa da ke Kaduna ana aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatun, in an gama da su a mayar a kawo wasu. Masu kula da ɗakunan ba su da digiri. Gajeren kwas ake ba su, su koyi rajista da jera littafi da ba da aro, su koma bakin aiki. A 1963 wani masani daga Ostireliya mai suna F. A. Sharr ya rubuta rahoto kan bukatun laburare a Arewacin Najeriya, kuma bayan rahoton ne Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Ita ce ta fara ba da digirin farko a wannan fanni a duk ƙasar. Abin alfahari ne. Sai dai tun da aka samu babbar hanya, ƙaramar da ke bi ta ƙauyuka ta yi ta shafewa.

A kudu, Jami'ar Ibadan ta ɗan waiwayi matsalar. A 1974 ta buɗe cibiyar Abadina, wadda aikinta laburaren yara da na makarantu ne, ta kuma riƙa horar da malaman aji su zama malaman laburare. A 1977 aka kafa ƙungiyar laburaren makarantu ta ƙasa. Ke nan ba baƙon tunani muke kawowa ba.

A ƙasashen waje ma, malamin aji shi ne ake fara nema. A jihar Texas ta Amurka, ba a ba mutum shaidar kula da laburaren makaranta sai ya koyar a aji na shekara 2, yana da digiri na biyu, ya bi wani shiri na horo da hukuma ta amince da shi, ya kuma ci jarrabawa. Sharaɗin digiri na biyu ya fi ƙarfinmu a yanzu, ba sai an faɗa ba. Abin ɗauka shi ne dalilin da ya sa suka nace sai wanda ya taɓa riƙe alli. Laburaren makaranta aji ne. Wanda ya san yadda ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ke tuntuɓe a kan jimla, shi ya san littafin da zai miƙa masa ba tare da ya kunyata shi a gaban 'yan'uwansa ba.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ga inda shirin nan ya tsaya. Malamin da ya riga ya riƙe makulli, a buɗe masa gajeriyar hanya ta samun takardar shaida yana bakin aikinsa, takardar da ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, za su san da ita ranar ƙarin girma.

Mun taɓa yin irin wannan. Lokacin da aka ce takardar Grade II ba ta isa ba, sai NCE, ba a kori malamai an ce su koma aji na shekara uku ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, ita ta kai karatun har inda suke: littattafan karatu a gida, haɗuwa a cibiya a ƙarshen mako, jarrabawa lokacin hutu. Dattawan malamai da yawa a ƙasar Malumfashi da Funtua ta nan suka bi. Wasu kuma suka yi karatun dogon hutu a Zariya. Hanyar tana nan, ba a dai taɓa shimfiɗa ta sosai domin laburare ba. Ɗan darasin sanin laburare da ake yi wa ɗaliban NCE a shekarar farko, na koya musu yadda za su nemo littafi ne, ba yadda za su tafiyar da ɗakin ba.

Me za a koya a kwas ɗin? Abubuwa ne da hannu ke yi. Na farko rajistar shigar littafi: kowane littafi ya samu lambarsa, da ranar da ya zo, da inda ya fito, a buga masa hatimin makaranta a shafin farko da wani shafi na ciki da aka zaɓa. Sai rarrabawa. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876 ya kasa ilimi gida 10, kuma malami zai iya kama kansa cikin 'yan kwanaki. Addinin Musulunci yana lamba 297, kimiyya a 500, aikin gona a 630. Ɗan Gozaki da ke son karanta abin da ubansa ke nomawa zai tarar da masara a 633.15, auduga kuma a 633.51. Malam zai yanki 'yar farar takarda, ya rubuta lambar da haruffa uku na farkon sunan marubuci, ya manna a ƙashin bayan littafin, ya bi da salatif. Daga ranar, littafin ya samu mazauni, in ya fita an san gurbinsa.

Sai yaƙi da gara da laima, wanda a wannan yanki mai ruwa ya kai rabin aikin: a ɗaga kanta daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango, a riƙa buɗe taga, a duba rufi kafin damina ta sauka. Sai ɗinkin littafin da ya yage. Sai ƙa'idar aro, wadda dole ta zo a rubuce daga sama, ta yarda cewa littafin da ake karantawa yana tsufa, wani ma yana ɓata, don a cire wa malam tsoron nan da muka ambata. Sannan a zo kan babban aikin, wato sa yaro ya so karatu: sa'ar laburare a jadawalin mako, karatu da babbar murya, da sanin cewa yaron da ya fara da Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ya fi saurin kama littafin Turanci daga baya. A tarihin Katsina da Dakta Yusufu Bala Usman ya wallafa a 1981 an ambaci Gozaki cikin tsofaffin garuruwan kudancin ƙasar. Yara nawa ne a garin suka taɓa jin haka daga bakin malaminsu, balle su ga littafin?

Ƙwararrun laburare suna da ƙorafi, kuma a saurare su. Suna cewa ga matasa nan sun gama digiri a fannin suna zaune ba aiki, don me za a ba malamin Hausa kwas na wata shida a kira shi da sunansu? Gaskiya ne, kuma duk babbar sakandare ta cancanci cikakken ma'aikacin laburare. Amma jihar Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta, makarantun firamare da sakandare kuwa dubbai. Ko a ɗaukar malamai sama da 7,000 da gwamnatin jiha ta yi a 2023, hankali yana kan cike gurbin aji ne, kuma haka zai ci gaba da kasancewa. In aka ce sai mai digiri, to an ce ɗakin ya zauna a kulle ke nan. Abin da ya fi dacewa, a ajiye ƙwararre guda a ofishin ilimi na shiyya ko na ƙaramar hukuma, ya riƙa zagaya malaman da aka horar yana duba aikinsu. Sunan ma a bambanta: wannan ma'aikacin laburare, wancan malamin laburare. Kuma abin da malam ya karanta a gajeren kwas a lissafa masa shi in ya tashi neman difloma ko digiri, kada ya koma farawa daga tushe.

Saura lokaci da wuri, kuma a nan ne shiri irin wannan kan mutu in an tsara shi daga ofis. Dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da masara ke neman taki na biyu, auduga ke neman feshi. Malamin ƙauye da albashi kaɗai ba ya riƙe gida. Ka ce ya bar gona ya tafi Katsina ko Zariya na mako shida, ka san amsar da za ka samu. Ga kuma halin da hanyoyi suka shiga a shekarun nan, wanda ya sa ba kowa ke son doguwar tafiya ba, musamman malamai mata. A kawo cibiyar Malumfashi da Funtua, a yi haɗuwar ranar Asabar, a tura nauyin karatun zuwa rani bayan an kai amfani gida. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina suna da malaman da za su iya ɗaukar wannan, in LRCN ta sa hannu a manhajar.

Sharaɗi biyu kuma suna wuyan ma'aikatar ilimi. Wanda ya samu shaidar a rage masa darussan aji, don ba a buɗe laburare da ragowar lokaci. Sannan in za a yi masa canjin wurin aiki, a kai shi inda akwai laburare, a kuma turo wani mai irin takardarsa ya karɓi rajistar hannu da hannu, a ƙirga littattafai a gaban firinsifal, kowa ya sa hannu.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)