Wa'azin Raha da Waƙen Reno a Tsoffin Jaridun Turai da Amurka

A ƙarni na 19 jaridu da mujallun Ingila da Amurka sun saba buga wani irin rubutu da za mu iya kira wa'azin raha. Marubuci yakan ɗauko waƙen reno, watau irin wanda ake rera wa yara, ya aza shi a mazaunin nassi, sa'an nan ya shiga sharhinsa kalma bayan kalma, kamar yadda mai wa'azi kan yi a majami'a.

Wanda ya fi shahara shi ne wanda aka gina bisa "Old Mother Hubbard", waƙen da aka buga a Landan a 1805. Labarinsa bai taka kara ya karya ba: tsohuwa ce ta je kabad neman ƙashi don karenta, ta iske wayam. Amma mai wa'azin sai ya tsaya kan tafiyar kanta, ya nanata cewa tafiya ta yi, ba gudu ko tsalle ba. Ya kuma kafa hujja cewa mijinta ya mutu, tunda waƙen bai ambace shi ba. Ana danganta wannan wa'azi ga Lord Desart, a ƙarshen shekarun 1870, kuma jaridu sun yi ta kwafarsa.

A ganina, ba waƙen ake yi wa ba'a ba, ba kuma addini ba. Mai wa'azin da ke tatsar ma'ana daga inda babu ita, shi ake zunɗe. Dalilin zaɓen waƙen reno kuwa shi ne kowa ya haddace shi tun yana goye, saboda haka mai karatu ya san babu wani sirri a ciki.

Salon ya girmi jarida. A Faransa, a ƙarni na 15 da na 16, an yi wa'azin barkwanci da ke mai da albasa ko kifi waliyyi. A New York kuma Elbridge Paige, da sunan "Dow Jr.", ya yi ta buga gajerun wa'azozin raha a Sunday Mercury a shekarun 1840.

Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. 'Yan kama sukan ari muryar malami da ƙira'arsa, su cusa zancen tuwo da miya a gurbin karatu, kamar yadda Gidley ya bayyana a 1967. Sai dai ɗan kama a dandali yake, murya da rawani na taimakonsa, shi kuwa marubucin jarida tilas tsarin jimla kaɗai ya ɗauke masa wannan nauyi.