Jirgin da Ba Shi da Birki a Kan Ƙanƙara

A tsibiran da ke kusa da birnin Turku na ƙasar Finland akwai wani lokaci a farkon hunturu da ƙarshensa da teku ke hana kowa hanya. Ƙanƙarar da ta rufe ruwa ta yi kaurin da kwalekwale ba zai ratsa ta ba, kuma ba ta yi ƙarfin ɗaukar mota ba. A irin wannan lokaci ne ƙaramin jirgin hobakiraf yake da rana, domin shi ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashinsa. Fanka tana tura iska ƙarƙashin cikinsa, siket na roba da ya zagaye shi ya tare iskar, sai jirgin ya ɗago kamar taƙi guda ya zauna a kanta. Nauyinsa ya bazu a kan faɗin cikin gaba ɗaya, har matsin da yake yi wa ƙanƙara bai kai na tafin ƙafar mutum ba. Injiniyan Ingila Christopher Cockerell ne ya fito da dabarar, kuma a Yulin 1959 jirginsa SR.N1 ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila.

Sai dai abin da ya raba jirgin da ƙasa shi ne ya raba shi da birki. Wanda yake son ya gane tuƙinsa, ya tsaya ya kalli mai kurar ruwa yana saukowa gangare da jarkoki cike. Ba shi da abin takawa ya tsaya. Tun daga nesa idonsa yana kan kwanar da zai sha, ya riga ya lissafa mai babur da zai ɓullo da akuyar da ke bakin hanya. Ba a kan kwana yake fara juyawa ba. Tun kafin ya iso ya karkata jikinsa, ya ja bayan kurar gefe, ya bar nauyin ruwan ya ƙarasa aikin. Sabon shiga shi ne yake bari sai ya zo dab da kwata sannan ya ce zai ja baya, kurar kuwa ta ja shi su tafi tare.

Haka matuƙin hobakiraf yake a kan daskararren tafki, har ma nasa ya fi tsanani, don kura ko ba komai tayoyinta suna riƙe da ƙasa. Idan ya murɗa kan jirgin, allunan da ke bayan fanka suna karkatar da iska ne kawai: hancin jirgin ya juya, amma jirgin ya ci gaba da sulɓewa inda ya dosa tun farko, a kaikaice, sai iskar ta rinjaye shi a hankali. Shi ma da jikinsa yake taimakawa, yana kwantawa ɓangaren da yake son bi. Tsayawa kuwa, ko dai ya sassauta totur tun da sauran tazara mai yawa, ko ya juya jirgin gaba ɗaya ya fuskanci inda ya fito, ya ƙara wuta, fankar ta ci gudun. Kamfanin Neoteric na jihar Indiana a Amurka yana sa wa nasa jiragen wasu marufai da ke mayar da iskar gaba, shi ya sa 'yan kwana-kwana da ke ceton waɗanda suka rufta cikin ƙanƙara suke amfani da su. A ganina duk wanda zai hau wannan jirgi don nishaɗi, ya kamata ya fara koyon tsayawa a fili fetal kafin ya koyi gudu.

Sanyi kuma yana da nasa sharrin. Idan jirgin ya bar ƙanƙara ya shiga ruwan da bai daskare ba, feshin da yake tayarwa yana sauka a kansa ya daskare nan take: a kan ragar fanka, a fukafukanta, a wayoyin da ke juya allunan baya. Ragar ta toshe, iska ta ragu, jirgin ya yi nauyi, wata sa'a kan ya ƙi murɗuwa. Ƙanƙara takan taru a maƙogwaron kafireto injin ya shaƙe. Garin dusar ƙanƙara kuwa, iskar da ke fita daga ƙarƙashin siket takan tayar da shi ya rufe wa matuƙi ido, musamman idan yana tafiya a hankali.

A tafkin Baikal na Rasha, wanda zurfinsa ya kai mita 1,642, jiragen hobakiraf ƙirar Khivus suna jigilar 'yan yawon buɗe ido a kan ƙanƙara duk hunturu, kuma matuƙansu sun fi kiyaye wuraren da ƙanƙara ta tsage ta hau kan juna ta yi tudu mai kaifi. Robar siket tana taurara cikin sanyi, kaifin ya yaga ta cikin sauƙi. Idan inji ya mutu a tsakiyar tafki, jikin jirgin zai yi iyo ko da ƙanƙarar ta fashe, amma mutumin da ya sauko ya taka zai iya ruftawa a daidai wurin da jirgin ya wuce lafiya. Ruwa mai wannan sanyi yana ɗauke numfashi a minti na farko, ya kashe hannuwa cikin 'yan mintoci. Don haka rigar da ruwa ba ya ratsawa, da rigar iyo, da igiya, da gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, ba abin sakaci ba ne.

Bayan an dawo gida ma da sauran aiki. Jirgin da aka ajiye da jiƙaƙƙen siket a kan ƙanƙara, kafin safiya ya manne da ita, in aka tayar da inji da ƙarfi robar ta yage. Masu jirgin sukan ɗora shi a kan katakai, su zubar da ruwan da ya taru a cikinsa, su kakkaɓe fanka, sannan su shiga ɗaki.